Kaset ɗin Madam Rakiya

Har gobe ban manta da ranar da muka hau wani ƙauye na kan dutse da akwatin allura cike ba. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin gawo, muka jera kayan aiki, har rana ta take ko mace ɗaya ba ta fito da goyonta ba. Tun da ku masu aikin rigakafi na yanzu kun ce in ba ku labari ɗaya daga zamaninmu, to ga shi.

A ƙarshen shekarun 1980 ne. Lokacin ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, kuma ni ne shugaban ayarin da ke yawon allurar rigakafi a ƙauyukan Buza, wani lokaci mu leƙa har gefen Madawa da Keita. Mutanen ƙauye ba ruwansu da muƙami, duk wanda ya sa farar riga lokotoro ne. Aikinmu a tsare yake. Da sassafe mu ɗebi maganin daga firigo mai kananzir, mu jera shi a akwatin sanyi tsakanin ƙanƙara. A ƙauye mu dafa allurai da sirinji a tukunya a kan risho, don lokacin babu irin naku na yi-ka-yar. Akwai allurar da ake yi wa jariri sau uku, wata guda tsakani, ta tarin shiƙa da mashaƙo da sarƙewar haƙora. Akwai kuma ta dusa, wadda wasu ke kira ƙyanda. Ita gari ce a kwalba, sai an haɗa ta da ruwanta, kuma in an haɗa ba ta kwana. Ƙanƙarar ma a zafin Adar ba ta da dogon rai. Abin da ka fito da shi, ko ka sa shi a jikin yara da wuri, ko ka zubar.

Wata safiya babban likitanmu ya kira ni ofis. Na tarar da wata mata zaune, siririya, da tabarau, ta rungume jakar fata a cinya.

Ya ce, “Majo Sule, ga Madam Rakiya daga jami'a a Yamai. Bincike take yi, tana da izinin hukuma. Za ta riƙa bin motarku.”

Na ce, “To Dokta, binciken ciwo ne?”

Ita ta amsa. Ta ce abin da take son sani shi ne ko allurar rigakafi tana canza yadda mutane ke kallon hukuma. Ba a daɗe da yin ƙuri'ar raba gardama ba, bayan shekaru da yawa na mulkin soja da ba a kira kowa rumfar zaɓe ba, kuma ana ta maganar wani zaɓen na tafe. Tambayarta ita ce: garin da allura ta hana yaransa mutuwa, shin mutanensa sun fi tashi da ƙafarsu su je su jefa ƙuri'a? Ko kuwa babu ruwan wannan da wancan?

Ni dai a raina na ce masu ilimi ba su rasa abin tambaya. Amma ban yi mako guda da ita ba na ga ba wasa ta zo yi ba. Ba ta taɓa sa baki a aikinmu. Sai mun gama allura take ɗaukar tabarmarta ta koma can nesa, ta zauna da mutum ɗai-ɗai, wanda ya yarda kawai. Kafin ta danna rakodarta sai ta ce, “Abin da za ki faɗa, ni da ke ne. Ba maigari, ba sarki, ba kumandan mai mulkin yanki, ko majo ɗin can ba zai ji ba.” Kuma ban ji ba. Ko a mota na zolaye ta na ce ta ɗan gutsura mana, sai ta yi dariya ta ce in kula da alluraina. 'Yar Damagaram ce, Hausarta ta gabas, matan Adar suna ta kwaikwayonta, ita ma tana kwaikwayon “munka” da “sunka” ɗinsu, a yi ta sheƙa dariya. Tana cin abin da muka ci, tana shan ruwan da muka sha.

Ƙauyen da nake ba ku labari yana kan dutse tsakanin Allakaye da Ibohamane. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsu suna nan. Manoman gero ne, waɗanda kakanninsu suka zauna ƙarƙashin makiyayan arewa, kuma sun gaji wani abu daga wancan zamani: duk baƙon da ya zo yana tambaya, suna jiran su ga me zai karɓa. Duk da haka, wajen allura babu garin da ya kai su fitowa, domin wata shekara can baya dusa ta yi musu mummunar ɓarna, bayan an fara allura kuma suka ga bambanci da idonsu. Saboda wannan ne Madam Rakiya ta ɗauki garin da muhimmanci ƙwarai. A zuwanmu na farko ta roƙi mu bar ta a can, ta yi kwanaki a ɗakin ungozomar garin, Inna Kulu, ta cika kaset da yawa. Da muka biyo muka ɗauke ta, murna take yi kamar wadda ta dawo daga Makka. Ta ce wannan garin shi ne ƙashin bayan littafinta.

Bayan wata guda muka koma don allura ta biyu. Bazara ce, zafi kamar a gasa gurasa a kan dutse. Kafin mu taso an sanar da mu cewa dusa ta ɓulla a wani ƙauye na cikin kwari, wanda suke cin kasuwa ɗaya da mutanen dutsen. Don haka na ɗebo maganin dusa fiye da yadda na saba.

Muka iso, babu kowa. Yaran da suka saba bin mota da ihu ma babu su. Na je wurin maigari, dattijo ne mai fara'a, amma ran nan idonsa na ƙasa.

Na ce, “Baba maigari, ba a samu saƙonmu ba ne?”

Ya ce, “An samu, lokotoro. Mata dai sun tahi itace.”

“Duk da masu jego?”

Ya ce, “To, ka san halin mata.”

Na san ba zan sami komai a nan ba. Na nufi gidan Inna Kulu, Madam Rakiya na biye da ni. Tsohuwar tana tsinke zogale a ƙwarya. Ta amsa gaisuwata, amma ta Madam da ƙyar ta amsa, ita da suka kwana ɗaki ɗaya.

Na ce, “Inna, ke ba ki ɓoye mini magana. Me muka yi?”

Ta ajiye ƙwaryar. Ta dubi Madam Rakiya ta ce, “Ɗiyata, ke kinka ce abin da munka hwaɗa miki ba mai ji. To Alhassan ya hwaɗa miki bai tahi ƙuri'a ba, shi da bakinshi ya ba abokanshi labari. Ba a yi kwana nawa da tahiyarki ba dogarin sarki ya zo ya tasa shi gaba. Ya yi kwanaki can. Da ya komo ko uffan bai ce ba, ya kwashi iyalinshi ya koma bukkar gona. Yanzu gari duka cewa ake allura tarko ta. A tara mu da ita, a ji wanda bai yi ƙuri'a ba, a kai sunanshi.”

Na ga fuskar Madam Rakiya ta canza. Ta cire tabarau, ta mayar. Ta ce, “Inna, wallahi kaset ɗin nan ba su taɓa barin jakata ba.”

Tsohuwar ta ce, “Ni ina so in yarda. Amma dogari dai mun gan shi.”

Ku gane, a wancan zamani wannan ba ƙaramin tsoro ba ne. Soja ke mulki, kuma mutum bai san inda maganarsa za ta kwana ba.

A ƙa'idar aikinmu, in gari ya ƙi allura alhali ciwo na kusa, ina da damar in aika wa hukuma, a turo gardi, wato askarawan gwamnati, su fito da mutane. Na faɗa wa Madam haka a bayan gida. Na ce ƙanƙarata ba za ta kai jibi ba, dusa kuma ba ta jiran sulhu.

Ta ce, “Majo, in gardi suka hau dutsen nan yau, ka tabbatar musu da abin da suke tsoro. Yau za ka yi allurarka, amma baɗi fa? Tambayata ce ta jawo wannan. Ka ba ni zuwa la'asar.”

Na ce na ba ta.

Inna Kulu ta raka mu gonar Alhassan, a gangaren dutse. Muka same shi yana gyaran darni, matarsa Hajo tana daka, da jaririya a bayanta, wadda ni da hannuna na yi wa allurar farko. Da ya gan mu ya so ya zille, tsohuwar ta ce, “Tsaya nan, ni na yanke maka cibiya.”

Muka ja shi gefe. Madam ta tambaye shi a hankali ko a fadar sarki an yi masa maganar ƙuri'a. Ya daɗe yana tona ƙasa da yatsan ƙafa. Can ya ce a'a, ko kusa. Ashe awakinsa ne suka gangara kwari suka shiga garkar albasar surukinsa, uban Hajo, a wani ƙauye daban. Da tsohon ya yi faɗa, zuciya ta ɗebi Alhassan ya mayar masa da baƙar magana a gaban mutane. Surukin ya kai ƙara, sarki ya tsare shi har ya nemi gafara aka sasanta. Kun san a ƙasar nan mutum ya zagi surukinsa, ya fi a ce ya yi sata muni. Da ya dawo ya ji gari na cewa saboda ƙuri'a ne, sai ya ga wannan rigar ta fi rufa masa asiri, ya yi shiru.

Na ce, “Alhassan, ka san shirun nan naka zai iya kashe yaran garinku? Har da 'yarka?”

Ya ce, “Lokotoro, in na hwaɗi, da wane ido zan dubi mutane?”

Ni a nawa ganin magana ta ƙare. Mu koma mu faɗa wa maigari gaskiya, a yi allura. Amma Madam Rakiya ta girgiza kai. Ta ce, “Mun tambaye shi a keɓe, ya amsa mana a keɓe. In na tona shi don in wanke kaina, to abin da ake zargina da shi ne na aikata.” Ta juya ta ce masa, “Malam Alhassan, daga bakinmu ba za a ji ba. Amma ku zo taron la'asar, kai da maiɗakinka.”

Raina bai so ba. Muna hawowa ina ta lissafin yaran da ke garin, ina jin nauyin akwatin nan kamar a kaina yake.

Bayan la'asar maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Yawancin samari sun tafi bida, wato ci-rani, sai dattawa da mata, matan can baya, kowace ta ƙanƙame ɗanta. Madam Rakiya ta fito tsakiya, ta zazzage jakarta a kan tabarma. Kaset ɗin garin duka suka zubo. Ta ce ga muryoyinsu nan, babu wanda ya saurare su sai ita.

Wani dattijo ya ce, “To a sa su cikin akwatin maganar, kowa shi ji. In ba mugun abu ciki, mi za a ɓoye?”

Mutane suka ce haka ne, a sa. Maigari ma ya gyaɗa kai. Ni kaina na ga kamar mafita ce.

Ta ce, “Baba, ka gafarce ni, ba zan sa ba. A cikin nan akwai matar da ta ba ni labarin 'ya'yanta da suka rasu, tana kuka. Akwai wanda ya faɗi abin da ko ɗan'uwansa bai sani ba. Kowannensu na yi masa alkawari. Wanda na hana kumandan, ba zan ba maƙwabci ba.”

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, “Kun ji ko? Ta ƙiya.” Na ga wasu mata sun fara juyawa za su tafi.

Sai ta ce da ni, “Majo, ara mini rishonka.”

Na kawo, ban san me za ta yi ba. Ta sa aka tara 'yan karare, ta ɗebi kananzir ta yayyafa, ta ƙyasta ashana. Ta ɗauki kaset na farko, ta sa farce ta zaro zaren nan mai sheƙi, ta yi ta ja har ya taru a hannunta, ta jefa a wuta. Ya ƙudundune ya narke, wari ya tashi.

Na matso na ce da ita ƙasa-ƙasa, “Madam, littafinki fa?”

Ta ce, “Littafi ba ya kamuwa da dusa.”

Ta ɗauki na biyu. Shi ma ta zare shi ta jefa. Ta ce da mutane, “Wannan aikina ne, na zo da shi, ga shi na kashe shi a gabanku. Allura ba tawa ba ce, ba ta ƙuri'a ba ce. Tun kafin in zo ake yi muku ita, bayan na tafi za a ci gaba. Wanda ya yi ƙuri'a da wanda bai yi ba, dusa ba ta tambaya, majo ma ba ya tambaya.” Ta miƙa wa Inna Kulu ɗaya ta ce ta jefa da hannunta. Tsohuwar ta karɓa, ta juya shi, ta jefa. Haka har suka ƙare.

Ba wanda ya tafi, amma ba wanda ya matso. Sai dattijon nan ya ce, “To, mun gani. Amma Alhassan hwa? Mi ya kai shi gun sarki?”

Alhassan na tsugune a gefe, kai a ƙasa. Madam Rakiya ba ta ko dubi wajensa ba. Sai muka ji murya daga cikin mata. Hajo ce, ta kunto goyonta ta riƙe a hannu, tana ratsowa.

Ta ce, “Wace ƙuri'a? Awaki sunka kai shi! Awakinshi sunka cinye albasar babana, ya tsaya yana sa-in-sa da tsoho. Ni ɗiyar mai albasar ce, in akwai kunya tawa ta, kuma na yahe. Baiwar Allah ga ta ƙone wahalarta don kar ta tona shi, mu kuma muna zaune. Lokotoro, ina allurar?”

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, sai gari duka ya ɗauka. Maigari yana dariya yana share ido da bakin rawani. Alhassan ya ja hula ya rufe fuska, wani abokinsa ya dafa shi yana cewa, “Ashe albasa ta sa ka kuka!” Shi ma daga baya ya dara. Ba a kashe shi ba, kun gani, kunyar da yake gudu ba ta wuce ta yini ɗaya ba.

Ni kuwa ban tsaya dariya ba. Na sa aka ɗora tukunya, muka buɗe akwati. 'Yar Hajo ce ta farko. Muka yi ta yi har hasken rana ya gaza, muka kwana a garin, da safe muka ƙarasa. Madam Rakiya ce ke riƙe mana yara masu ƙiriniya. Ban zubar da kwalba ko ɗaya ba. Dusa ta hau dutsen daga baya, ta taɓa 'yan yara kaɗan, amma a shekarar ba a haƙa kabari saboda ita a garin ba.

Da safen nan, muna haɗa kaya, na ce da ita, “Da kin ɗan jinkirta, da Hajo ta yi magana kaset ɗinki na nan.”

Ta ce, “Da ban ƙona ba, da Hajo ba ta tashi ba.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma ya yi mini ciwo, Majo, kar ka ɗauka bai yi ba.”

Kafin mu tashi, mata suka fara zuwa wurinta da kansu, ba rakoda, ba takarda, kuma a gaban kowa. Wata ta ce ita ta je ƙuri'a, tafiyar rabin yini, don tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin hukuma ta hau dutsen nan ta ba da abu ta sauka hannu wofi ba sai a kan allura, shi ya sa da aka yi kira ta ce bari ta amsa. Wata kuma ta ce, “Ni ban tahi ba, kuma allurarku ta hana ni. Da, haihuwa nike ina bisowa a kushewa. Yanzu duk ga su nan raye, sun cika mini ɗaki. Wa zan bar ma su in tahi layi?” Madam Rakiya ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce mata biyu sun ba ta amsa biyu, kuma duk gaskiya ne.

Da muka koma na ba babban likita rahoto yadda abin ya faru. Ya saurara, ya ce, “Yanzu me kake so a yi?” Kafin in buɗe baki Madam ta ce ita ta riga ta yanke: ba za ta ƙara shiga motar allura ba. Ta gane cewa zamanta kusa da akwatinmu kaɗai ya isa ya sa mutane su haɗa abin da bai haɗu ba. Sauran watannin bincikenta a motocin kasuwa ta yi su, wani wuri a kan jaki, kuma ba ta shiga gari sai mun daɗe da barinsa. Aikin ya ƙara mata kusan shekara. Ta gama shi. Da ta zo yi mana sallama na tambaye ta amsar da ta samu. Ta ce allura ba ta sayen ƙuri'ar kowa, amma inda aka yi ta da mutunci, mutane sun fi yarda cewa in an kira su ba don a cuce su ba ne. Ta ce ba ta rubuta fiye da abin da ta gani ba, ko da yake akwai masu son ta rubuta.

Na yi shekaru bayan nan ina hawa dutsen, kuma ban sake shimfiɗa tabarma ta zauna wofi ba. Abin da na koya shi ne, matar da ta miƙo maka cinyar jaririnta ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba, ba ta iya karanta rubutun jikinta. Kai ta sani. Wannan yardar ita ce ainihin kayan aikinmu, kuma ta fi maganin saurin lalacewa, ga shi babu firigon da ke ajiye ta. Don haka in kun fita da allura, ku fita da ita ita kaɗai. Kar ku yarda kowa ya rataya mata wata buƙata, ko da mai kyau ce. In kuma wata rana kuka ga dole sai an yi asarar wani abu kafin uwa ta kunto goyonta, to ku duba cikin jakarku tukuna.